Bashin Dare

Sagiru, na san hannunka kafin in riƙe muryarka.
Shekara goma sha ɗaya kana zauren nan na Kwarbai,
allura a yatsa, zaren tsamiya a cinya,
kana fitar da aska takwas a ƙirjin riga
ba tare da ka dubi zanen alli ba.

Azumin bara aiki ya danne mu.
Riguna tara, Salla saura kwana ashirin.
Yaron wani kemis a Tudun Wada ya miƙa maka
'yar ƙwaya cikin leda: ba barci, ba ciwon baya.
Kuma bai yi ƙarya ba,
abin da ke ci mini rai ke nan.
Dare uku kana ɗinki kana raha,
ni da bakina na ce yaron nan ƙarfe ne.

Sai almakashi ya ɓata.
Sai zare, curi biyu. Sai rediyon zaure.
Kai da ba ka ɗaga ido gaban Inna
ka yi mata tsawa a kan naira ɗari biyar,
ka dawo kana kuka, ba ka tuna me ka ce ba.
Furar Ramatu da kake bi har Ƙofar Gayan
ka kurɓa ka ture, wai ruwa ce.
Ran wata Laraba ka faɗi a Ƙofar Doka,
jiki na karkarwa, kumfa a baki,
masu acaɓa suna cewa iska ce.

A Shika, wata nas, Rifkatu 'yar Wusasa,
ta juya katin asibiti ta zana mini kai.
Ta ce, Baba, akwai wani ɗan ruwa
da ƙwaƙwalwa ke ɗigo wa mutum
in ya sha randa bayan ƙishi,
in ɗansa ya yi dariya,
in ya gama riga ya ɗaga ta a rana.
Ɗigo-ɗigo yake zuwa, da awo.
Ita ƙwaya tulun take tuntsurarwa ɗungurum.
Kai ya ga ambaliya sai ya shiga toshe kafofi.
Gobe ɗaya ba ta ji, jibi biyu ba su isa,
har a kai ranar da ba don daɗi ake sha ba,
sai don a iya miƙewa a yi alwala.

Ta ɗora yatsa a goshina.
Nan, in ji ta, mai cewa "dakata" yake zaune.
Shi ake fara kwantarwa.
Gida ya rage ba mai gadi,
sai kwaɗayi yana zaga ɗakuna da fitila.

Na ce, to bashi ne ke nan.
Ta ce, da ruwa mai nauyi.

Na ga biyan da idona:
hamma ba iyaka, majina, zufa cikin sanyin asuba,
ƙafafu kamar tururuwa ta yi gida a ɓargo,
kana roƙona da sunan mahaifinka
in sayo maka ko rabi.
Na fita baranda na ƙirga motoci.

Yau kwananka arba'in da uku a zaure.
Hannun yana rawa har yanzu, kaɗan,
sai ka lasa zare sau huɗu kafin ya shiga.
Rifkatu ta ce kafofin suna buɗewa,
amma ba su san gaggawa ba,
kuma hanyar Tudun Wada tana nan inda take.

Na ba ka rigar nan ta tara,
wadda ka ɗinka a dare na uku,
askar ta karkace kamar mai maye.
Warware ta. A hankali, kada ka yaga yadin.
Warwara ta fi ɗinki cin lokaci, na sani.
Ni ma ina da nawa zaren da zan cire:
ni ne na ce ƙarfe.

Ɗazu da Ramatu ta wuce da ƙwarya
na ga ka ɗaga kai.
Ban ce komai ba. Na laluba aljihu.