Mu Haɗu Baɗi, Kurege

A Aidaho, can inda hanyar mota ta gaji ta juya,
akwai wani fili tsakanin duwatsu biyu.
Taku ɗari tara ne idan Wendell ya auna,
da ƙafata kuwa dubu har da ɗoriya.
Ba kwalta, ba fitila.
Ciyawa ce kawai, sai kogi a ƙarshenta
yana jiran matuƙin da ya yi ganganci.

Mukan zo a Yuni, in ƙanƙara ta saki ƙasa,
mu shida, wata shekarar mu huɗu,
da shebur da manjagara da gwangwanin farin fenti.
A wannan yanki doka ta hana injin yanka,
don haka alfadarai biyu ke jan wuƙar ciyawa,
ɗaya mai haƙuri, ɗaya sai da lallashi.

Kurege ya riga mu kama aiki.
Ramin da na cike bara ya buɗe, har ya ƙara ɗaki.
Ba na zaginsa,
kakanninsa sun riga jirgi zuwa nan.
Amma rami ɗaya ya isa ya karya ƙafar jirgi,
sai in durƙusa in ɗura tsakuwa,
in daddanne da diddige,
in ce masa, mu haɗu baɗi.

Wendell Ostrander, saba'in da uku,
yana bisa tsani yana sauya tutar iska
wadda rana ta shanye wa launi.
Corliss, malamar daji, ta riƙe masa tsanin.
Babu kuɗi bana, in ji ta, sai dai izini.
Ya ce ai bara ma izinin muka ci.

A gari ana cewa wasan masu hali ne,
ƙarar jirgi tana korar namun dawa.
Ban ce ba su da tasu gaskiyar ba.
Sai dai akwai akwatin ƙarfe a gindin itace,
cikinsa littafin da masu sauka ke sa hannu.
Masunta, masu kashe gobara, wasu ango da amarya.
A wani shafi da ruwa ya taɓa an rubuta:
Agusta. Yarona ya faɗo daga dutse.
Minti arba'in zuwa asibiti. Da ƙafa, kwana biyu.
Babu suna.
Hannun da ya rubuta yana rawa.
Nawa ne.

Ga shi can yanzu, Emmett, yana ɗan ɗingishi,
yana shafa wa duwatsun gefe fenti,
rabi a dutse, rabi a takalmi.

Dajin nan na kowa ne, haka takarda ta ce,
na kowa kuwa, in ba a tashi ba,
shi ne na ba kowa.

Da yamma wani ƙaramin jirgi ya kewayo,
ya duba aikinmu, ya karkata fiffike, ya wuce.
Bai sauka ba.
Barewa uku suka fito cin sabuwar yanka,
kurege kuma, ina jin motsinsa a ƙarƙashin tabarmata.