Sabuwar Magudana

Shekara talatin ina gyaran injin ban ruwa
a fadamun Bakolori, daga Talatar Mafara har Maradun.
In bututu ya toshe, da kunne nake ganewa.
Nawa ya toshe wata goma sha ɗaya
ina ce masa basir, ina shan sassaƙe da saiwa.

Jini a masai kowace asuba.
In watsa toka, in ɗaure wando, in hau babur.
Ige ce ta lura wandon ya fara zamewa.

Likita Tukur bai yi mini kwana-kwana ba.
Ya zana ƙugu a bayan katin asibiti,
ga dubura, ga mafitsara, ga abin da ke tsakani,
ya ce dajin ya haura katanga ya shiga gidan maƙwabta,
ko mu kwashe duka, ko mu bar shi ya gama cinyewa.
Na ce, in kun kwashe, ruwan ta ina zai bi?
Ya ɗiga biro sau biyu a kan cikin, hagu da dama.
Na gane. Ni ma na sha datse magudana
in juya ta wani gefen, in ta ƙi gyaruwa.

Awa tara, in ji Ige. Ni ban ƙirga ba.
Leda shida ta jini:
biyu daga ƙannena, ɗaya daga wani ɗan kabu-kabu
da har yau ban san sunansa ba,
sauran kuwa tumaki uku ne suka tafi kasuwa.

Mu biyu aka yi wa aikin a watan.
Nomau, mutumin Gummi, dillalin albasa,
ya fi ni jiki, ya fi ni dariya.
Kwana goma sha biyu, zazzaɓi ya bi shi ta ɗinki.
Da safe na ga an naɗe katifarsa,
shuɗiyar butarsa na ƙarƙashin gado, ba mai ɗaukewa.

Takardata ta zo bayan sati uku.
Gefen naman da aka yanke ya fito tsaf.
Na ce, ya tafi ke nan?
Ya ce, ban ce ya tafi ba, na ce ban gan shi ba.
Duk wata uku ina jiran ka da dawowa.

Ciwon ƙasa ya yi wata huɗu yana tsatsafa.
A kishingiɗe na ci tuwon babbar salla.
Ƙafar hagu har yau ba ta jin zafin rairayi.
Jaka biyu a cikina, kowace da kuɗinta,
Ige ke yanke bakinsu da almakashin ɗinki,
ta fi ma'aikatan jinya iya mannewa.
Akwai kuma abin da likita ya faɗa ƙasa-ƙasa
ranar da ya ce ta ɗan jira a waje.
Da na gaya mata, ta ci gaba da tsince shinkafa.
Ta ce, kai na kai asibiti, kai na dawo da shi,
sauran magana ba ta da wurin zaunawa.

Juma'a bakwai ban taka masallaci ba.
Liman Bawa ya zo har zaure, ya ce,
mai yoyo ma yana da gurbi a sahu,
yi alwalarka, Labbo, Mai ita ya san abin da ka iya.
A sujada ta biyu jakar ta yi gurnani.
Wani yaro ya ƙyalƙyale. Bayan sallama
na tarar ni ma ina darawa.

Jiya aka kawo mini inji daga Birnin Tudu.
Na zauna kan tsohuwar tayar mota, gefe guda,
na kara kunne, na kwance, na hura, na ɗaure.
Ban san abin da watan gobe zai nuna a hoto ba.
Na ja igiya sau uku.
Ya yi tari, ya yi tari, sai ga ruwa.