Wisia Ba Ta Sauko Ba

Da shekara goma sha ɗaya aka haife ta,
a bayan takardar kuɗin wuta,
a wani ɗaki hawa na huɗu a Lodz
inda hayaƙin masaƙu ke rina labule.
Halszka ce ta zana ta da ragowar tawada:
'yar mayya mai hanci kamar ƙugiya,
takalmin hagu ya fi na dama girma,
tsintsiyar ma aro ce daga matar mai gadi.
Ni nawa aikin kaɗan ne.
Ni ke cusa magana cikin kumfar da ke bisa kanta.

Fitowar farko shafi biyu kacal,
can ƙarshen mujallar yara,
tsakanin wasa ƙwaƙwalwa da darasin wanke haƙora.
Takardar irin ta naɗe kifi.
Jan launi ya zame daga rigarta ya hau gajimare,
yara suka ɗauka sihiri ne.
Ba mu ƙaryata ba.

A fitowa ta tara mai tace rubutu ya kira mu,
Cieslak, mutum mai tari da jan fensir.
Ya ce ƙasar da ke gina masana'antu ba ta da mayu.
Muka ce to.
Tukunyar tsafi ta koma kwalbar gwaji,
Wisia ta sa farar riga, ta zama ɗalibar kimiyya.
Amma Halszka ta bar tsintsiyar jingine a lungu,
kowane shafi, ba fashi.
Yara sun gani.
Ina zaton Cieslak ma ya gani,
don jikarsa na cikin masu aiko mana wasiƙa.

Sai shekarar da takarda ta yi wuya kamar nama.
A fitowa ta arba'in da ɗaya
Wisia ta diro daga hasumiyar agogo,
wata bakwai tana rataye a iska
babu shafin da za ta sauka a kai.
Wata yarinya daga Radom ta aiko littafin lissafinta,
rabinsa fari fat,
ta ce, ku buga a nan.
Da takarda ta dawo, edita ya sauya,
sabon ya ce a fara wani labarin.
Ba wanda ya sauko da ita.

Da zamani ya juya, kamfanin ya watse,
wani ɗan kasuwa daga Hamburg ya sayi sunan.
Ya miƙe hancin, ya daidaita takalman,
ya ba ta gashi ruwan zinariya
da takarda mai sheƙi kamar an shafa mai.
Fitowa shida ta yi, kasuwa ta juya baya.
Kayan aro ba ya rufe katara.

Halszka ta rasu a watan dusar ƙanƙara.
Zanenta na asali suna ɗakin ƙasa
ranar da bututu ya fashe.
Na kwashe su da cebur.

Bara wasu 'yan mata biyu daga Krakow
suka yi shela suna neman tsofaffin kwafi.
Suka zo daga ƙarƙashin katifu, daga akwatunan kakanni,
wasu da shaidar kofin shayi, wani da cizon ɓera.
Ta arba'in da ɗaya daga Radom ta zo,
mai ita yanzu likitar haƙori ce mai furfura.
An haɗa su duka a kundi guda mai nauyin bulo,
har jan da ya zame an bar shi inda ya zame.

Suka tambaye ni, Kaka Ignacy, yaya ta sauka?
Suka bar mini shafin ƙarshe,
kumfa ɗaya, babu zane.
Shekarata tamanin da uku, hannuna na rawa.
Kwana huɗu ke nan alƙalamin na kan tebur.
Na san abin da za ta ce,
tun wancan lokacin na sani.
Sai dai in na rubuta,
ƙafarta ta taɓa ƙasa ke nan.