Mai Kiran Fasinja a El Alto

Shekara sha ɗaya ina rataye a ƙofar bas,
mu gangara La Paz, mu hawo El Alto,
ƙafa ɗaya a ciki, ɗaya a iska,
ina jifan titi da sunayen unguwanni:
Ceja! Ceja! Saura mutum biyu!

A nan sama iska ba ta da kauri.
Sai ka ja sau biyu kafin ka sami numfashi ɗaya,
ga sanyi, ga hayaƙin manyan motoci,
ni kuwa ina taƙama
duk tashar babu wanda ya kai ni amo.
Ashe gangar da ta cika zaƙi
fashewa take shirin yi.

Wata Talata na buɗe baki,
sai ƙarar tsohon ƙyaure ta fito.
Fermín direba ya waigo:
Basilia, ke ce ko birki?

Likita Zenteno ta leƙa da 'yar fitila.
Ta ce tantani biyu ne,
ba su kai farcen ɗan yatsa ba,
su kike gwarawa tun asuba har dare.
Sun yi kanta, irin ta tafin manomi.
Kwana sha huɗu, shiru.
Na yi raɗa: ko a hankali?
Ta ɗaga yatsa. Raɗa ma matsa ce,
tafiya ce da sanɗa a kan karaya.

Na koma gida da allo da alli.
Wilmer, ɗana, ya zama bakina,
yana karanta faɗana cikin dariya,
faɗan ya rasa haƙora.
Na koyi kurɓar ruwan ɗumi kafin ƙishi ya kira,
na lulluɓe kai bisa tukunya ina shaƙar tururi.
In kaki ya taso, in haɗiye yawu,
ba in kankare maƙogwaro kamar ƙasan tukunya ba.
A kwana na tara na ji agogon bango.
Shekara nawa yana magana a ɗakin nan?

Yanzu na dawo ƙofar bas
da gorar ruwa a ɗamara, gyale a wuya,
da 'yar lasifika da Fermín ya saya bashi.
Kiran daga ciki nake ɗauko shi,
ƙasan cibiya, inda numfashi ke da gindi.
In babbar mota ta yi gurnani, in bar ta ta gama.
Tsakanin tasha da tasha
bakina a rufe, kamar asusu.

Jiya wata sabuwar yarinya a bas ɗin gaba
tana tsage wuya, jijiya a tashe.
Na tsallaka na miƙa mata gorata.
Ban ce komai ba.
Ta sha, tana kallona,
fasinja biyu suka wuce mu.