Kunnen Baba

Ran Talata Baba ya sa rigarsa ta Juma'a,
ya naɗe takardar gida cikin ledar burodi,
ya ce, "Asabe, ke kika sha Faransanci,
taso ki zama kunnena."

Bankin Garwa ya fi firjin kifi sanyi.
Ma'aikacin, Wangso sunansa,
ya turo mana shafi goma sha huɗu,
rubutu siri-siri kamar ƙayar karfasa.

"Ipotek," in ji shi.
Na ce, "Baba, jingina ke nan."
Baba ya murmusa:
"Na jingina keke a garu,
na jingina bayana a dalbejiya.
Shi kuwa gida, jikin wa zai jingina?"

Kafin alƙalami, kashi ashirin daga aljihunka.
Ya lissafa da buhun albasa,
don da shi yake auna duniya.
Uwar kuɗi, miliyan shida.
Kuɗin ruwa kuma daban.
"Uwa, ga ruwa," ya ce, "dole ta hayayyafa."
Sai ya ja carbi ƙwaya uku.
Na san kalmar da ya haɗiye,
ta tsaya masa a wuya har muka juya shafi.

Wa'adi shekara goma.
Ka makara, tara.
Ka biya da wuri, nan ma tara.
"To," in ji Baba,
"ashe har da wanda ya riga liman sallama."

Mai awo ya zo gidanmu makon jiya,
ya tono duwatsun iyaka huɗu,
ya ƙwanƙwasa bango, ya leƙa kwano,
ya rage daraja don Binuwai
kan kawo mana ziyara a watan Agusta.
Mangwaron da Inna ta dasa
shekarar da ta yaye ni,
bai samu layi ko ɗaya ba.

Rabon noter.
Kuɗin hatimi, kuɗin buɗe fayil.
Inshorar gobara, inshorar rai.
"Rai kuma? Nawa suka yi masa kuɗi?"
Wangso ya duba katin Baba,
ya ƙirga shekara sittin da bakwai,
daga nan ya daina kallonsa.

Ni yake kallo.

Mai tsayawa, in ji takarda,
wanda ke da albashi,
kuma albashin ya riƙa kwana a nan
kafin ya ga mai shi.
Na tuna daren da nake kwana tsaye
a ɗakin haihuwa,
hannuna cikin safa, ina jiran kukan ɗan wata.
Baba ya taɓa ni: "Me ya ce?"
Na ce, "Sunana yake tambaya."

Shafi na sha ɗaya ya yi maganar gwanjo:
wata uku shiru,
sai a manna takarda a ƙyaure,
baƙi su shigo tsakar gida
suna taya inuwarmu.
Rabi na fassara masa.
Sauran rabin yana nan ƙarƙashin harshena.

Ya dangwala babban yatsa,
na sa hannu ƙasa da shi.
Takardar gida ta shiga akwatin ƙarfe.
Ledar burodi ta fito ba kowa,
ya ninke ta huɗu
ya mayar aljihun gaba.

Yanzu shago uku sun kai linta.
Tela ya kama ɗaya tun ba ƙofa.

Baba ya je bakin kogi shi kaɗai,
ya tsinto tsakuwa ɗari da ashirin,
ya zuba a gwangwanin madara.
Duk ƙarshen wata, in wayata ta yi ƙara,
sai ya ɗauki ɗaya
ya jefa gindin mangwaro.

Bakwai sun fita.
Jiya da dare na girgiza gwangwanin.
Nauyinsa bai san an taɓa shi ba.
Daga cikin ɗaki Baba ya ce,
"Ajiye, Asabe.
Na ji rabin da kika rage."