Dila

Ƙarfe biyun dare, Ali Ɗan Sofo ta yi tsit.
Daga ni sai fanka, sai na'ura tana huci
a ƙuryar shagon intanet na Lawali.
Gobe sakamakon jarrabawa zai fito.
Yara dubu za su nemi shafi guda,
layinmu kuwa bai fi tsinken tsire kauri ba.

Babana gwanjo ya sayar a Kadro.
Shi ya koya mini aikin nan,
alhali bai taɓa zama gaban kwamfuta ba.
Dila takan iso daga Kwatano, ɗaure da waya,
riga ɗari huɗu
cikin abin da yaro zai hau ya zauna.
Yakan buga ta da tafin hannu ya ce:
matse kaya, shago ya yi faɗi.

To, ni ma rumbu nake tsaro.
Abin da aka taɓa nema ina ajiye shi kusa,
don kada a sake aike ƙetaren teku.
In na matse shafi, goma su kwana
inda ɗaya ke miƙe ƙafa.

Sai dai Baba na da magana ta biyu,
wadda yakan faɗa yana neman almakashi:
dila ba ta sayuwa a ɗaure.
Sai an yanke waya, an kakkaɓe, an yi guga,
mai saye kuwa yana tsaye, rana na dukansa.
Filin da ka samu, da lokaci ka biya.
In na tsananta ɗauri, na'ura ta yi zufa,
in na sassauta, rumbu ya cika ya yi amai.

Hoto ba ya matsuwa, a matse ya baro gida.
Wa ke neman mai a jikin ƙuli-ƙuli?

Ga kuma wayar Cima mai ƙosai,
tsohuwa, gilashinta a tsage,
ba ta iya kwance ƙullin zamani.
Dole in ajiye biyu, ɗaurarre da sakakke,
faɗin da na yi murna da shi ya koma rabi.
Ban yi fushi ba. Ɗiyarta na cikin masu jira.

An ɗauke wuta. Na tada inji.
Na rage ɗauri daga tara zuwa shida,
na zauna ina sauraron hucin yana sauka.

Ran da Baba ya rasu
kayansa duka jaka ɗaya suka shige:
hula uku, carbi, littafin bashi, almakashin nan.
Ni na ɗaure ta, ko minti biyar ban yi ba.
Shekara biyu Inna ta yi
kafin ta iya kwancewa.

An kira assalatu.
Yarinyar ta iso da wayar uwarta, hannunta duk mai.
Kafin ta ƙare bisimilla
shafin ya buɗe.