Gurbin Watan Takwas

A ɗakin ajiya na likitar Tawa
na tarar da rajistocin shekara tara.
Gara ta ci wani shafi har tsakiya,
ta rage mini rabin sunan wata mata
daga Gidan Nomau: Hab...
saura yana cikin tumbin gara.

Wata huɗu ina juye su a na'ura,
shekaru, nauyi, awon jini.
Kuran ya ɗauke, in jira ya komo,
rezo ya yi sama kamar shirwa,
in miƙa hannu ta taga ina lallashi.
Illa maigadi ya ce, "Arzika,
kai da allon gilashin nan,
wa ke karanta wani?"

Ran da alƙaluma suka jeru
na ga abin da takarda ta ɓoye.
Matan Gidan Nomau na zuwa awo,
na fari, na biyu, ba fashi,
watan takwas na kamawa
layinsu ya yi fari fat.
Bara haka, bara waccan haka,
tara cif, gurbi guda.

Shugaban bincike ya bugo daga Yamai:
"Rubuta ƙarancin wayewa, mu wuce."
Na ce a ba ni mai lita biyar tukuna.

Na hau moto. Hatsi ya fara bununi.
Hanya ta kai ni, ta tsaya
a bakin ƙorama ja wur,
tana tafe da reshen gawo da mataccen akuya.
Can ƙetare wata mai tsohon ciki,
karne a leda, ledar a ka.
Ta dube ni, na dube ta.
Ruwa ya yi mana maganar.

Kwana biyu kafin in tsallaka.
Inna Tamo ungozoma ta jawo igiya
daga ƙarƙashin gado, duk ƙulli.
"Wannan haihuwar damina ce.
Mai jan zare, uwar ba ta tashi ba."
Na ƙirga jan zare da yatsa,
yatsan ya ƙi wuce na bakwai.

Na ce ta bari in shigar.
Ta riƙe igiyar gam:
"Ina za ka kai mini su? Wa zai gani?"
Na ce za a cire suna, a sa lamba,
ko ni ba zan gane mai ita ba.
Ta yi shiru, ta gyara goro a kumatu.
"To, cire sunan.
Amma kar ka cire ruwan."

Na tambayi Hab... ɗin nan.
"Habsu? Ga ta can tana surfe,
ɗanta har ya shiga lakwal."
Na yi dariya ni kaɗai kamar taɓaɓɓe.

Da na komo Tawa
na nemi gurbin ruwa a fom, babu.
Na buɗe sabo, na rubuta: ƙorama ta kawo.
Na'ura ta ce lamba kawai take karɓa.
Na tashi, na jingina da bango,
Illa ya auna ni daga ƙasa zuwa ƙirji,
inda laka ta bar zane a rigata.
Mita ɗaya da ashirin da shida.
Ta karɓa.

Rahoto ya tafi Yamai tun Talata.
Ko gada, ko kwalekwale, ko shiru,
ban sani ba.
Dazu hadari ya haɗo daga gabas,
Inna Tamo kuwa
igiyarta da sauran tsawo.